Mai NCE da 'ya'ya uku, za ta iya digiri ta waya?

Malamar Aji Huɗu:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya yi abin da kansa nake so ya amsa min.

Ina koyarwa a wata firamare a nan cikin garin Katsina, shekara tara ke nan da NCE ɗina. Waɗanda muka gama tare, wasu sun shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wasu sun tafi Dutsin-Ma, sun yo digiri sun wuce ni. Ni kuwa 'ya'yana uku, autan ko yaye shi ban yi ba, ga surukata a gidanmu tana fama da ciwon ƙafa. Zaman aji daga safe zuwa la'asar ya fi ƙarfina. Shi ne nake tunanin buɗaɗɗiyar jami'a, wato NOUN, tunda akwai cibiyarsu a nan Katsina, kuma maigida ya amince.

Abin da nake da shi waya ce Tecno, gilashinta ma ya tsage ta gefe. Ba ni da kwamfuta. Wuta a layinmu sai dare ya raba ake kawowa. To wayar kaɗai za ta ishe ni? Sannan takardar, ana karɓarta wajen ƙarin girma? Ina tsoron in zuba adashina na shekara uku a kan abin da zai ƙare a ƙarƙashin katifa.

Ɗan Sabuwar Unguwa:

Wa alaikumus salam Malama. Ni ina shekarar ƙarshe, kuma da waya na yi kusan duk karatuna. Ba a buƙatar jarabawar JAMB kafin a shiga, kuma mai NCE daga aji biyu yake farawa. Littattafan kowane kwas suna shafinsu kyauta. Ki samu wuri mai sabis mai ƙarfi ki sauke su gaba ɗaya rana guda, daga nan ko ba data za ki karanta. Abin da ke cinye data shi ne darasin bidiyo na kai tsaye, balle tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ni sai kwas ya gagare ni nake shiga.

Makin kashi biyu ne. Akwai TMA, tambayoyin da za ki amsa ta intanet daga gida, maki 30 ne. Sauran 70 ɗin na jarabawa ne, ita kam dole ki je cibiya da ƙafarki. A ƙananan azuzuwa a kwamfuta ake yinta, a manya kuma da biro da takarda. Don haka kafin ranar, ki je shagon kwamfuta ko sau uku ne ki saba da riƙe linzami, wato mouse ɗin da ake sarrafa kwamfuta da shi. Na ga wata baiwar Allah ta san amsa sarai, amma hannunta na rawa, lokaci ya ƙare tana tambaya ta ashirin.

Sai abu ɗaya da zan roƙe ki. Za ki haɗu da masu cewa kawo lambar sirrinki mu yi miki TMA, ki ba da na goro. A zangona na farko na ba wani, ya kawo min maki mai kyau, na ji daɗi. Ranar jarabawa na zauna gaban kwamfuta ina kallon tambayoyi kamar da wani yare aka rubuta su. Kwas biyu na sake. Tun daga nan da kaina nake yi, ko 18 na ci na san nawa ne.

Tsohon Hedimasta:

'Yata, batun takarda kada ya hana ki barci. Jami'ar gwamnatin tarayya ce. Tun 1983 zamanin Shagari aka kafa ta, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita. Hukumar NUC da ke sa ido kan sauran jami'o'i ita ke sa ido a kanta. Inda malamai ke yin kuskure shi ne su fara karatu a ɓoye, sai sun gama su kawo takarda ofis. Ki rubuta neman izini ta hannun shugaban makarantarku tun yanzu, ki adana kwafin amsar. Kuma ki ɗauki kwas na fannin ilimi wanda ya yi daidai da abin da kike koyarwa.

Nas daga Daura:

Yaya, ni ta Cibiyar Karatu Daga Nesa ta ABU Zariya nake yi, amma damuwarmu ɗaya. Maganar waya da caji mai sauƙi ce, ƙaramar sola ko fawa banki ta magance min. Abin da ya kusa kayar da ni lokaci ne. Wanda ke zuwa aji, kowa ya ga ya saɓa jaka ya fita, an san karatu ya tafi. Ke kuwa kina tsakar gida riƙe da waya, duk wanda ya shigo zai ɗauka hira kike a WhatsApp. A aiko ki miƙo gishiri, a kawo miki yaro ki riƙe, baƙuwa ta zauna har magariba. Wata uku na yi ban wuce shafi goma ba, na zauna na yi kuka.

Da na gaji sai na tara mutanen gidan na nuna musu littafin a cikin wayar, shafi bayan shafi, har da rasit ɗin kuɗin makaranta. Na ce daga sallar asuba zuwa ƙarfe shida da rabi ba ni nan. Na sayi littafin rubutu mai kauri, duk abin da na karanta sai na taƙaita shi da hannu, don karatun waya santsi gare shi, yana shiga yana fita. Wani abin mamaki, tun da suka fara ganin biro a hannuna aka daina aike na.

Ki nemi mata biyu ko uku 'yan kwas ɗinku a cibiya ranar rajista, ku riƙa haɗuwa ranar Asabar. Mu a 2022 da aka yi wata takwas ana yajin aikin ASUU, ƙannena na zaune a gida, na ga yadda zama ba abokin karatu ke kashe zuciya.

Malamar Aji Huɗu:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, gobe in sha Allahu zan rubuta takardar izinin. Ƙanwata ta Daura, na karanta wa surukata amsarki da daddare, ta ce in kawo mata autan bayan asuba, ita dama ba ta komawa barci. Saura linzamin. Akwai shago a bakin layinmu, ranar Asabar zan fara zuwa.