Masu jinyar mai COPD a gida, yaya kuke yi idan numfashi ya sarƙe da dare?

'Yar Autar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanan nan aka sallamo mahaifinmu daga asibiti, bayan numfashinsa ya sarƙe har sai da aka kwantar da shi aka sa masa oksijin. Likita ya ce cutar toshewar hanyoyin numfashi ce, wadda suke kira COPD, kuma bai ɓoye mana ba, ya ce ba ta warkewa, lallaɓa ta ake yi. Baba ya daɗe yana shan sigari kafin ya bari.

Da rana da sauƙi. Dare ne tashin hankalin. Can wajen asuba sai ya farka yana haki, ya dafe gefen gado, jijiyoyin wuya duk sun tashi, ko kalma uku ba ya iya haɗawa. Mu kuma sai mu yi masa caa, wannan na fifita, wannan na bubbuga masa baya, wannan na cewa a fito da mota. Inhela, wato maganin zuƙa, guda biyu aka ba mu da ƙwayoyi, amma a tsaitsaye aka yi mana bayani ranar sallama. Don Allah waɗanda suka taɓa irin wannan jinya, me kuke yi a daidai wannan lokacin? Kuma yaushe ake daina jira a koma asibiti?

Mai Jinyar Inna

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Tawa mahaifiyar ko karan sigari ba ta taɓa riƙewa ba. Hayaƙin itace ne ya ci huhunta, girki a ɗaki marar taga shekara da shekaru. An daɗe ana ce mata asma ce, an yi gwajin tarin fuka aka ce babu, sai da aka sa ta hura iska da ƙarfi cikin wata na'ura, sifirometa, sannan aka gane. Duk mai tsohuwa a gida da tari da haki suka ƙi barinta, kada ya ce ai ba ta shan taba.

Abin da ya fi yi mana amfani da dare shi ne rage mutane. Mutum ɗaya ya tsaya, sauran su ba da wuri. Nakan zaunar da ita a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, in jawo ɗan tebur in ɗora filo biyu, ta aza hannuwa a kai ta ɗan sunkuyo gaba, kafaɗu a sake. Kada ku kwantar da shi rigingine, nan ne abin ya fi tsananta. Sai in kunna ƙaramar fanka ta hannu in saita ta daidai hanci da baki. Wata nas ce ta nuna mini, kuma iskar da ke bugun fuskar nan tana rage jin shaƙewa sosai.

Daga nan sai in zauna a gabanta inda za ta ga bakina, in riƙa yin numfashin da nake so ta kwaikwaya: a ja ta hanci a ƙirga ɗaya, biyu, a tsuke leɓe kamar mai shirin yin fito, a sake ta a hankali har zuwa huɗu. Ba na ce mata "Inna ki yi numfashi". Ni nake yi, ita tana bi na.

Nas ta Sashen Huhu

Yaya, kin faɗi gaskiya kan hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar nan ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, a shekarar ita ce ta huɗu a jerin masu kisa a duniya, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na masu cutar ne kawai ake dangantawa da sigari. Hayaƙin girki yana da babban kaso.

Ƙanwata, ga dalilin tsuke leɓen nan. Wahalar mai COPD a wajen fitar da iska take. Ƙananan hanyoyin iska sun kumbura sun ƙuntata, ga majina, buhunan iskar huhu kuma sun saki. Da ya zo fitarwa sai hanyoyin su rufe tun tsohuwar iska ba ta gama fita ba. In ya firgita ya shiga ja da sauri, sabuwa yake lodawa kan tsohuwa, ƙirji ya cika fam, shi kuwa ji yake babu iska ko kaɗan. Tsuke leɓe yana riƙe hanyoyin a buɗe har ta samu fita.

Sai ki duba inhelolin nan biyu, don aikinsu daban ne. Ɗaya ta gaggawa ce, galibi salbutamol, shuɗiyar nan da aka fi sani da Ventolin. Cikin 'yan mintoci take buɗe hanya, aikinta kuma awa 4 zuwa 6 ne. Ɗayar ta kullum ce, irin su tiotropium da ake zuƙa sau ɗaya a rana, ko yana jin daɗi ko ba ya ji, kuma ba ta ceton mai haki a nan take. Wata tana zuwa da kafso da ake sawa cikin na'ura a huda a zuƙe garin. Na sha karɓar majinyata da suka yi watanni suna haɗiye kafson da ruwa, iyali na ta ƙorafin magani ba ya aiki.

Mai haki ba ya iya daidaita danna inhela da jan numfashi, maganin a harshe yake ƙarewa. Ku nemi sifesa, wata roba ce da ake jona inhela a gefe ɗaya a sa baki a ɗayan. A girgiza, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi huɗu ko biyar a ciki, a ɗan dakata, a sake girgizawa kafin a danna na biyu. In inhelar kullum tana da sitiroid, maganin rage kumburi, ya kurkure baki ya tofar bayan kowace zuƙa, in ba haka ba fararen tabo za su fito masa a harshe, murya ta dishe. Adadin da zai zuƙa in abin ya taso kuwa, ku sa likitansa ya rubuta muku a takarda ku manna kusa da gado.

Tsohon Direba

Ni ne mai cutar da kaina, bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki. 'Yata, idan Babanku yana cikin wannan hali kada ku yi masa tambaya. "Baba yaya kake ji? A kawo ruwa? A tafi asibiti?" Kowace amsa numfashi take ci, shi kuwa ba shi da na ɓarnatarwa. Ku shirya da shi tun da rana: yatsa ɗaya inhela, yatsa biyu mota. Mai kuka kuma ya je waje ya yi. In na ga fuskar matata ta canza, tsoro nake ƙara ji, tsoron kuma shi ke ƙara mini hakin.

Na biyu, kada tausayi ya sa ku hana shi motsi. Da aka sallamo ni, ko kofi iyalina ba sa bari in ɗauka. Zama ya cinye mini naman ƙafa, ƙafa mai rauni kuma ta fi neman iska, har ta kai daga gado zuwa banɗaki ma sai na huta a hanya. Likitan motsa jiki ne ya sa ni cikin shirin horon masu ciwon huhu, wanda yakan ɗauki mako 6 zuwa 8: tafiya, tashi da zama daga kujera, ɗaga abu marar nauyi sosai. Ya ce mini hakin tafiya ba ya lalata huhu. In ina iya magana guntu-guntu in ci gaba, in magana ta gagara in tsaya in jingina da bango har ya lafa.

Wanka shi ne babban aiki a wurina, kuma ba kowa ya san haka ba. A zaune nake yi kan kujerar roba, ruwa mai ɗumi marar turiri, ƙofa a ɗan buɗe. Ɗaga hannu sama don wanke kai ya fi komai ƙarar da ni, sai kuma sunkuyawa sa takalmi. Duk wani yunƙuri, tashi ko hawa matakala, a lokacin fitar da numfashi nake yin sa.

Ɗan Fari

Ni shawarata ku sayi tukunyar oksijin ku ajiye a gida. Da ya fara haki ku sa masa ku buɗe ta sosai kafin a kai asibiti. Haka muke yi wa kawunmu, kuma yana samun barci.

Nas ta Sashen Huhu

Ɗan uwa, ka yi haƙuri, a nan kam ban goyi bayanka ba, kuma barcin nan da ka ambata shi ne ma ya tayar mini da hankali. Oksijin magani ne, yana da ma'auni. Ga yawancin masu COPD, abin da muke nema a na'urar yatsa mai auna oksijin a jini shi ne 88 zuwa 92, ba 98 irin na mai lafiya ba. In aka yi wa wasunsu yawa, gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, kabon dayokzaid, sai ta taru a jini. Alamarta barci mai nauyi, ciwon kai da safe, rikicewar magana, hannu na fizga.

Haki kuma ba kullum yake nufin oksijin ya yi ƙasa ba. Wani zai yi ta haki na'ura tana nuna 93. Oksijin na gida sai an auna jini an tabbatar yana ƙasa a kai a kai, wanda aka rubuta wa kuma aƙalla awa 15 a rana ake so ya sa kafin ya amfane shi. Ita ma na'urar yatsa ba a bin ta ido rufe. Yatsa mai sanyi da jan farce suna ruɗa ta, kuma a baƙar fata takan nuna adadi sama da gaskiya. A dubi mutumin, sannan a dubi lamba. In akwai tukunya a ɗaki, babu ashana, babu kyandir, babu sigari, kuma kada a shafa masa Vaseline a hanci.

Uwargida

Malama Nas, abin da kika faɗa a gidana ya faru. Maigidana yana kan oksijin da likita ya rubuta, lita ɗaya a minti. Wani ɗan uwansu ya zo dubiya ya ga yana haki, ya murɗa ma'aunin ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya yi barci, kowa na hamdala. Da safe na yi ta tashinsa, sai ya buɗe ido ya kira ni da sunan ƙanwarsa ya koma. Sai da aka sa masa injin nan mai abin rufe fuska da ke tura iska kafin ya dawo hayyacinsa. Yanzu salatif na manna a kan ma'aunin.

Ni abin da zan ƙara miki, 'yar uwa, ki riƙa kallon kakinsa. Ba daɗin gani, amma shi ke fara ba da labari. Na maigidana fari ne ko ruwan toka a ranakun lafiya. Da ya koma ɗorawa ko kore, ya yi kauri, ya ƙaru, ko na ga yana neman shuɗiyar inhela fiye da yadda ya saba, a ranar nake kiran likita, ba na jiran dare. Yawanci ƙwayar prednisolone ta kwana 5 ake ba shi, wani lokaci da maganin kashe ƙwayoyin cuta, abin ya tsaya a nan. Ina da ɗan littafi da nake rubuta launin kaki, yawan zuƙa, da ko ƙafa ta kumbura. Likita ya fi duba shi a kan bayanina.

Abinci ma sai da dabara. Ciki in ya cika yana danne huhu, shi ya sa kaɗan-kaɗan nake ba shi sau biyar ko shida, na dare kuma da wuri. Numfashi kansa aiki ne da ke cin jiki, in kika ga yana ramewa ki faɗa a asibiti. Turare mai ƙarfi, maganin sauro na hayaƙi da na feshi, shara mai tayar da ƙura, duk na raba su da ɗakinsa. Mai mura kuma daga bakin ƙofa yake gaisuwa, ko waye shi.

'Yar Autar Baba

Allah ya saka muku da alheri, na karanta wa yayyena duka. Mun samo sifesa, fanka ma tana aiki. Malama Nas, saura tambayata ta biyu, yaushe za mu ɗauke shi ba jira? Sannan wata gwaggonmu ta kawo masa maganin tari na ruwa da ƙwayar barci, ta ce ai tarin ne ke hana shi hutawa. Mu ba shi?

Nas ta Sashen Huhu

Kada ku ba shi ko ɗaya sai likitansa ya gani. Ƙwayar barci da maganin tari mai kodin suna rage ƙarfin numfashi, kuma danne tari yana barin kaki a ƙirji, wanda yana iya jawo nimoniya. A fito da shi ake so. Ya sha ruwa isasshe in likita bai taƙaita masa ba. Da safe, bayan inhela, ya zauna ya ja numfashi mai zurfi sau uku, sannan ya buɗe baki ya fitar da iska da ƙarfi yana cewa "haa", sau ɗaya ko biyu, ya huta, ya maimaita. Ya fi tari mai ƙarfi fito da kaki, kuma bai kai shi gajiyarwa ba.

Asibiti kuwa, ku tafi nan take in ya zuƙi adadin da aka rubuta bai samu sauƙi ba, ko magana ta gagare shi alhali yana zaune, ko leɓe da harshe sun canza sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ko ya rikice, ko tashinsa daga barci ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, ko jini a kaki, ko zazzaɓi mai zafi, ko na'ura ta tsaya ƙasa da 88. A zaune za a ɗauke shi, da inhela da sifesa a hannu. Ki tafi da takardar sallama, kuma tun daga ƙofa ki ce mai COPD ne, don su san ma'aunin oksijin da za su sa masa. Ranar da kuka koma ganin likita, ki tambaye shi allurar rigakafin mura da ta nimoniya, sannan ki sa Baba ya zuƙi inhelolin biyu a gaban nas ta ga yadda yake yi.