Yarona ya ce rigar Barcelona yake so, ni kuma ɗan United ne tun 1999

Baban Khalifa, Anguwar Rogo: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah a karanta har ƙarshe. Ni ɗan Manchester United ne tun daren da ɗan wasanmu Solskjaer ya ci Bayern a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Camp Nou a 1999. Yarona shekararsa tara. Na yi masa alkawarin rigar ƙwallo in ya ci jarrabawa, ya kuma ci. Jiya sai ya ce mini ta Barcelona yake so, ta Yamal. Naira 10,000 na ware, kuɗin riga ɗaya. Yaron nan bai taɓa ganin mun ɗaga Firimiya ba, rabonmu da ita tun 2013 ba a ma haife shi ba. In saya masa abin da ransa ke so, ko in saya ja ta United in ci gaba da lallashi? Ba maganar ni in bar ƙungiya nake ba, wannan babu shi a lissafi.

Blues na Bukuru: Wa alaikumus salam. Yaya ka dawo Chelsea kawai ka huta. Ɗan garinmu na Jos Mikel ma United ta so shi, ya zaɓi Landan, ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2012.

Ɗan Gangare: Kada ka kuskura ka bar United, Baban Khalifa. Liverpool shekara 30 suka yi babu kofin lig, daga 1990 har 2020, ba su gudu ba. Mahaƙurci mawadaci.

Baban Khalifa: Ɗan'uwa ai na ce ba ni zan bari ba. Yaron nake tambaya.

Tela a Terminus: Dubu goma ba za ta yi maka sabuwa ba yallaɓai. Makon jiya na saya wa ƙanena 14,000, kuma sai da na biya daban aka buga suna a baya.

Maman Ummi, Rikkos: Wace 14,000? Ta yara fa ake magana. Riga da wando 7,500 na saya, har da safa.

Tela a Terminus: Hajiya irin wannan wanki biyu lambar take ɓarewa. Ni da yadi nake kwana, na san abin da nake faɗa.

Mai Gidan Kallo, Farin Gada: Malam, ka saya wa yaro abin da yake so, kada ka ɗora masa abin da muka ɗauka. Bari in gaya muku nawa. Gidan kallon nan ja na yi masa fenti ciki da waje, hoton tsohon kocinmu Ferguson na manne a ƙofa. Mu biyu muka haɗa jari, ni da wani abokina da muka taso layi ɗaya, shi ma ɗan United. Kakar da muka ƙare na 15 da maki 42, ranar wasanmu benci rabi ba ya cika, masu zuwan ma yawanci dariya ke kawo su. Da muka kai wasan ƙarshe na kofin Europa da Tottenham a 2025 sai muka ce Allah ya kawo ranar farfaɗowa. Na ci bashin mai jarka biyu, na yi hayar benci, na ce duk wanda ya shigo shayinsa a kaina. Ashe abokin nawa ya kwashe kuɗin da muke tarawa na sabon janareto ya zuba a caca, wai Tottenham ba ta iya cin kofi. Kun san yadda aka tashi wasan a Bilbao, Tottenham ta ci mu ɗaya da nema. Ana busa tashi wasu yara suka fara jifa da robar ruwa, aka ture talabijin ɗaya ta fashe. Washegari na je gidansa, matarsa ta ce ya yi sammako. Sai bayan kwanaki ya turo saƙo yana ba ni haƙuri. Har yau bashin man nan ban gama biya ba, kuma ko a masallaci muka haɗu sai ya sauya sahu. Abin da ya fi ci mini rai, ranar wasan United har yanzu gabana faɗuwa yake tun safe. Na kasa cire ta daga raina.

Ɗan Gangare: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri. Amma wannan laifin caca ne, ba na United ba.

Malamin Islamiyya, Dilimi: Gaskiya ce. Abin da ke cinye samarinmu ke nan, an mayar da son ƙungiya ƙofar haram. Ka kai maganar gaban manyan unguwa, haƙƙinka ne, kada kunya ta hana ka.

Mai Gidan Kallo: An zauna Malam, har sau biyu. Ya ce ba shi da shi. Me zan karɓa a hannun wanda kekensa ma na haya ne?

Blues na Bukuru: Ka sake fenti zuwa shuɗi ka ga yadda ciniki zai buɗe 😂

Gunner na Katako: Ko ka rubuta a ƙofa: ranar wasan United a zo da maganin hawan jini.

Tsohon Gola: Ku yara ku yi shiru. Wanda bai ga Keane da Scholes ba, ba shi da bakin ba da shawara a nan. Ɗan Arsenal kuma da me zai yi wa wani dariya?

Maman Ummi: Baba da girmanka, ai maganar tarbiyyar yaro ce, ba ta wanda ya daɗe yana kallo ba. Ni na haifa na raina. Ƙungiya ba gona ba ce da za a ce dole ɗa ya gada. Ka tilasta masa ja, ya sa a gabanka, ya cire a lungu.

Tsohon Gola: 'Yata ban raina ki ba. Amma ni abin da ke damuna daban ne. Duk kuna kuka a kan garin da ba ku taɓa takawa ba, ga Plateau United a hanyar Zariya. Da suka ɗauki kofin lig a 2017 ƙarƙashin Kennedy Boboye, ku nawa kuka shiga fili? Mighty Jets ce ta fara cin lig ɗin ƙasar nan a 1972, yau yaro a Jos bai san sunanta ba. Garin da ya fitar da Mikel da Ahmed Musa!

Gunner na Katako: Baba mun je fa. Ni na daina ne ranar da na ga alƙalin wasa ya ƙara lokaci har sai da masu gida suka samu fanareti. Haka ake yi mana mu ma in mun fita waje. Wa zai kai ɗansa ya ga wannan?

Ɗan Gangare: Kuma ka biya kuɗin ƙofa, ka ga wasu suna shiga kyauta don sun san mai tsaron. Ni 500 na biya.

Tela a Terminus: 1,000 dai, sai in gefen rana ka zauna.

Tsohon Gola: To in kowa ya zauna a gida wa zai gyara? Alƙalin yana yin abin da ya ga dama ne don babu idon da ke kansa. Wasan gida na gaba ina nan a bakin ƙofa ƙarfe uku, mai zuwa ya faɗa yanzu in san yawan kujerun da zan kama.

Gunner na Katako: Sai in ba ranar wasan Arsenal ba ce Baba. Wa ma za su buga da shi?