Mu karɓi fayiba mu kunna da kanmu ko mu ci gaba da sayen bandwit?

Hajiya Laburare: Salamu alaikum jama'a. An sa ni a kwamitin da zai haɗa jami'armu da cibiyar bincike, wajen kilomita 60 ne tsakani. Wasu sun ce mu yi hayar fayiba (wayar gilashi mai ɗaukar bayanai da haske) wadda ba a kunna ba mu sa namu na'urorin, wasu sun ce a'a a bar wa kamfani mu ci gaba da sayen bandwit, wato ƙarfin layin da ake biya. Wa ya taɓa yi?

Injiniya B: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku karɓi fayibar. Kilomita 60 ko amfilifaya (na'urar ƙara wa hasken ƙarfi) ba kwa buƙata, SFP (ƙaramar na'urar aika haske da ake sakawa a bakin layi) na kilomita 80 ya wadatar in layin lafiya yake.

Malam Dattijo: Hajiya ki saurare ni don Allah, mu mun sha wuya a kan wannan. Mun yi hayar shekara 15, aka ce an ba mu hanya biyu, in ɗaya ta yanke ɗaya na nan, muka sa hannu ba wanda ya nemi taswira, ashe duk biyun a bututu ɗaya suke kwance na tsawon kilomitoci, ranar da katafila ta zo gyaran titi ta tsinke su gaba ɗaya. Kwana huɗu ba komai, masu bincike suna tsaka da tura bayanai, ɗalibai na rajista, muka kira kamfanin suka ce mu duba takarda, wallahi babu inda aka rubuta awa nawa za su gyara. Ni dai har yau ina goyon bayan ku mallaka, don ranar da muka tashi daga giga 1 zuwa giga 10 na'urorin bakin layi kawai muka canza, ba mu roƙi kowa ba. Amma ki bi hanyar da ƙafarki, a yi gwajin OTDR (na'urar da ke auna asarar haske a layi) a gabanku ta kowane ɓangare kafin a biya ko sisi, kuma a rubuta lokacin gyara da tarar jinkiri.

Injiniya B: Gaskiya ne Malam. A haske mai tsawon zango nanomita 1550 asarar kusan 0.2 dB ce (ma'aunin raguwar haske) duk kilomita, wato 12 zuwa 13 kenan a kilomita 60 banda wuraren jonawa. In kin ga ta haura 20 akwai matsala.

Sarkin Sabar: Ku daina zuga mutane. National LambdaRail, hanyar fayibar bincike a Amurka, ba jami'o'i ne suka mallaka ba? An rufe ta a 2014.

Ɗan Leb: To ai PIONIER, hanyar sadarwar jami'o'in Folan, fayibarsu ce kuma tana nan daram. Holan ma a kan irin wannan suka gina tasu, SURFnet6.

Sarkin Sabar: Su suna da ma'aikata ɗan'uwa. Ku mutum nawa gare ku da zai tashi ƙarfe biyun dare?

Ɗan Leb: In ba mu taɓa na'urar ba ta yaya yaranmu za su koya? Kullum sai dai mu kira kamfani.

Anti Rajistara: Ku bar musun nan, Hajiya amsa take jira.

Malam Dattijo: Na manta, ku ajiye SFP na safaya, kuma ki tambaya ko suwic ɗinku, na'urar da ake saka SFP a jikinta, na karɓar na wani kamfani, wasu ƙi suke yi.

Hajiya Laburare: Na gode ƙwarai, na rubuta. Malam, taswirar kamfanin ne zai ba mu ko mu za mu zana?