“Sannu ba ta hana zuwa”: ta hau kan tartili kuwa?

Gardin Ringim: Salamu alaikum. Ana yawan jefa wa masu saurin tilawa karin maganar nan, “sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba”, a haɗa ta da aya ta 4 ta Suratul Muzzammil mai umarni da tartili, wato karanta Alƙur'ani a natse. Ni ban ga sun dace ba. Wutsiyar maganar ai zolayar mai nawa take yi.

Alaramman Dambatta: Wa alaikumus salam. Ka taɓo wurin. Malaman tafsiri ba su tsaya kan jinkiri kaɗai ba. Ibn Abbas ya fassara shi da bayyana karatu filla-filla, Mujahid ya ce a natse, sashe na bin sashe. Abin da ake ruwaitowa daga Sayyadina Ali kuwa shi ne kyautata haruffa da sanin wuraren tsayawa. A wannan fassarar mai sauri ma yana cikin tartili, muddin harafi bai faɗi ba.

Malamar Islamiyya, Gumel: Allah gafarta Malam, sai dai harafin faɗuwa yake yi. Limamin da zai sauke izu 60 a goman ƙarshe na azumi, izu 6 ke gabansa kowane dare. Ga ruwayar Warshu da aka gada a tsangaya, ana jan maddi muttasil da munfasil (ja mai haɗuwa da hamza a kalma ɗaya ko a farkon ta gaba) haraka 6, wato tsawon wasali shida. Da gajiya ta zo sai shidan ta koma biyu, gunna (sautin hanci) mai haraka 2 ta ɓace, numfashi ya yanke inda bai kamata ba. A tsaya kan “la taƙrabus salata” (kada ku kusanci salla) a Suratun Nisa'i, ba a haɗa da “alhali kuna cikin maye” ba, a ji yadda ma'ana ke kifewa. Ibn Mas'ud ya soki wanda ya karanta Mufassal (gajerun surorin ƙarshen Alƙur'ani) a raka'a ɗaya, ya ce zubo shi yake kamar waƙa.

Alaramman Dambatta: Gaskiya ne, Malama. Amma nawa ma tana da ɓarnarta: a ja fataha har ta haifi alifi, a ja kisira ta zama ya'u, an ƙara harafin da ba ya cikin Mushafi ke nan. Shi ya sa masu tajwidi suka yi matakai uku: tahƙiƙi don koyarwa a kan allo, tadwiri tsaka-tsaki, hadaru don tilawar mahaddata. Ma'aunin maddin da ka fara da shi, riƙe shi har ka rufe.

Gardin Ringim: To kolo da titibiri, almajirai masu tasowa, a ja musu karin maganar, ta dace da su. Gwani fa?

Malamar Islamiyya, Gumel: Gwani ma da iyakarsa. Hadisin Abu Dawud ya ce wanda ya sauke a ƙasa da kwana 3 bai fahimta ba. Izu 20 ke nan a yini, kada a wuce.