An yanka mana kwalta an sa bututu, yanzu wajen ya lotsa, wa ke da alhakin gyarawa?

Mai_Keke:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin aikin titi ku taimaka min. Wata uku da suka wuce wasu ma'aikata suka zo suka yanka kwaltar layinmu daga wannan gefe zuwa wancan, suka binne bututu, suka tura ƙasa da shebur suka shafa kwalta a sama suka kama gabansu, to ana yin ruwan sama sau biyu wajen ya lotsa, yanzu duk motar da ta bi sai ka ji gararam, jiya ma wani mai babur ya sha ƙasa a gabana. Shin kowa ne ke iya zuwa ya fasa titin gwamnati haka kawai? Kuma gyaran nan wuyan wa yake?

Injiniya_Tsoho:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, titi ba gonar gado ba ce. A ƙa'ida duk wanda zai yanka titi, kamfanin ruwa ne ko na wuta ko masu jan kebul na intanet, sai ya karɓi izini a rubuce daga hukumar da ke da titin, ya nuna zane, ya faɗi ranar farawa da ta gamawa, wurare da yawa har kuɗin ajiya ake karɓa wanda in bai gyara ba a yi gyaran da kuɗinsa. In aikin gaggawa ne kamar bututu ya fashe cikin dare ana barinsu su fara, amma dole su sanar daga baya.

Lotsawar kuwa ba laifin ruwan sama ba ne, ruwa tona asiri kawai ya yi. Laifin ciko ne. Yadda ake yi, a shimfiɗa yashi a ƙarƙashin bututun da kewayensa, a ɗora tef na gargaɗi a samansa saboda wanda zai zo haƙa gobe, sannan a riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 zuwa 20, a ɗan jiƙa ta, a daɓe da inji, a sake zuba wata a sake daɓewa, haka har a zo kan tsakuwa. Aiki ne mai cin lokaci da mai, shi ya sa ɗan kwangila mai sauri yake juye ƙasar gaba ɗaya ya bi saman da rola sau biyu, sama ta yi tauri ƙasa kuwa duk iska ce. Kuma bakin kwaltar da zarto ake yanka shi ya miƙe, ba da diga ba, facin ya ɗan fi ramin faɗi ta kowane gefe don ya zauna kan ƙasar da ba a taɓa ba, a shafa ruwan kwalta a bakin kafin a zuba sabuwa. In aka tsallake wannan, ta nan ruwa ke shiga.

Ummu_Biyu:
Injiniya Allah ya saka da alheri, amma ba ka faɗa masa wa zai kama ba ai.

Injiniya_Tsoho:
Gaskiyarki Hajiya, na tafi surutun ciko. Wanda ya fasa shi zai gyara, wato kamfanin da ke da bututun, ba leburorin ba. Ana sa musu wa'adin garanti. A Ingila misali, ƙarƙashin dokar aikin tituna ta 1991, shekara 2 ne, in ramin mai zurfi ne shekara 3, in ya lotsa cikin wannan lokacin su za su dawo su gyara da kuɗinsu. Ka ɗauki hoto da kwanan wata, ka kai ƙorafi a rubuce wajen hukumar titin, su ke da fayil na wanda suka ba izini.

Dan_Waya77:
Ni abin da ya fi ci min rai haƙa ba tare da an duba me ke ƙasa ba. A Amurka lamba 811 ake kira kafin a sa diga, sai a zo a fesa fenti a ƙasa, ja wutar lantarki, rawaya gas, shuɗi ruwan sha, kore ruwan ƙazanta, ruwan lemo wayoyin sadarwa. Na taɓa kwana a rami ina haɗa kebul da mai katafila ya tsinka cikin minti ɗaya, wallahi har yau in na tuna sai bayana ya amsa.

Injiniya_Tsoho:
Ka ma yi sa'a ramin bai rufta da kai ba. A dokar Amurkan, rami in ya kai ƙafa 5 sai an tokare bangonsa ko a kwantar da gefen, kuma ƙasar da aka haƙo a janye ta aƙalla ƙafa 2 daga baki. Ƙasa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta fi tan ɗaya nauyi, in ta danne mutum zuwa ƙirji ko numfashi ba ya iyawa.

Mai_Keke:
Na gode ƙwarai Injiniya. Na riga na ɗauki hotunan, gobe in sha Allah zan rubuta takardar in sa maƙwabta su sa hannu. Kafin nan dai mun ajiye tsohuwar taya da jan ƙyalle a wajen saboda masu babur da daddare.