Wanda ya raba yaro da uwarsa shekara da shekaru: rataya ko ɗaurin rai da rai?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai. Ni a ganina duk wanda ya sace ƙaramin yaro ya kai shi wata uwa duniya ya sayar, aka shekara uku, huɗu, biyar babu labarinsa, to hukuncinsa ya zama ɗaya da na mai kisan kai. A rataye shi. Ku tuna yaran nan tara da 'yan sandan Kano suka nuna wa duniya a watan Oktoban 2019, akasarinsu a Onitsha aka samo su. Yaran Sauna, Kawo, Yankaba da Dakata ne, wasu tun 2014 aka ɗauke su. An canza musu suna, an canza musu addini, wasu Hausar ma ta ɓace a bakinsu. Paul Owne, ɗaya daga cikin waɗanda aka kama da satar su, ya amsa laifinsa a gaban Mai Shari'a Zuwaira Yusuf, a watan Yulin 2021 aka yanke masa shekara 104. Madalla. Amma yana nan da ransa yana cin gabza. Yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara uku aka dawo da shi yana ɗan takwas, wa zai biya shi waɗannan shekarun?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Wallahi Baban Ummi ka faɗi abin da ke zuciyata. Wanda ɗansa ya rasu ya yi masa wanka, ya yi masa sutura, ya san kabarinsa, an yi zaman makoki an watse. Uwar da aka sace wa ɗa ba ta da ranar watsewa. A layinmu akwai wata baiwar Allah, yarinyarta ta fita sayo ƙuli-ƙuli a bakin layi, shi ke nan. Har yau duk ƙaramar Sallah sai ta yanki atamfa ta kai wa tela, ta ce ya ƙara tsawo kaɗan a kan na bara, don yanzu ta girma. Kayan suna nan a akwati a ninke. Wanda ya jefa mace a wannan hali, ku ce mini bai yi kisa ba?

Barista: Yaya Baban Ummi, Maman Sadiq, babu mai musun girman laifin. Inda muka rabu shi ne abin da hukuncin zai jawo wa yaron da ke hannun ɓarawo a daren yau. In doka ta ce wanda ya sace ya bar yaro da rai rataya, wanda ya sace ya kashe shi ma rataya, me ya rage da zai hana shi kashewa ranar da ya ji an fara bin sawunsa? Yaron shi ne shaida. Ku dubi abin da ya sami Hanifa, ƙaramar yarinyar nan ta Kano, a Disamban 2021. Mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, shi ne ya ɗauke ta, ya nemi fansar naira miliyan 6, ya kashe ta da shinkafar ɓera saboda ta san shi. Ba na so mu ƙara wa irin wannan mutumin dalili. Dole a bar tazara tsakanin hukuncin wanda aka karɓi yaro a hannunsa da rai da na wanda aka tono gawa a hannunsa. Na biyun a rataye, ban da ja. Na farkon ɗaurin rai da rai.

Baban Ummi: Barista, misalinka ni ya taimaka. Abdulmalik Tanko ya san kisa ake yi wa mai kisa, ya hana shi? Mugu ba ya zama da littafin doka yana lissafi.

Barista: To in ba ya lissafi, tsoron ratayar da kake so a sa masa ta ina zai shige shi? Ba za a ce yana lissafi in za a tsorata shi, a ce ba ya lissafi in an zo maganar ran yaro ba. Kuma masu sayar da yara 'yan kasuwa ne, lissafi shi ne sana'arsu. Sannan a duba zartarwa. A Yulin 2022 Mai Shari'a Usman Na'abba ya yanke wa Tanko da wanda ya taimaka masa hukuncin rataya. Gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, ya yi alkawarin sa hannu, ya sauka a 2023 ba a zartar ba, domin mai hukuncin kisa yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli. Rabon da a ji an rataye wani a ƙasar nan tun Disamban 2016 a jihar Edo, ga mutum sama da 3,000 a gidajen yari suna jiran hauni. Ko an rubuta rataya a takarda, a aikace zaman kurkukun dai za a yi.

Auta: Shi ya sa ni na ce a daina kai su wajen hukuma. In an kama ɓarawon yara a unguwa a gama da shi a wurin. Kuma mun san su wane ne suke wannan sana'ar, mun san unguwar da suke.

Kawu Direba: Auta, janye wannan maganar. Na fi shekara ashirin ina jan mota tsakanin Kano da kudu, na ga yadda ake tara wa mutum jama'a da ihu ɗaya. Mace ta riƙo hannun jikanta yana kuka, wani ya ce “ɓarauniyar yara”, kafin ta buɗe baki an fasa mata kai. In an kashe ta aka gano kakarsa ce, wa zai dawo da ita? Batun unguwa kuma, wanda ya kashe Hanifa ba baƙo ba ne, malaminta ne da iyayenta suka damƙa wa amana. Mutanen Sabon Gari da muke ciniki da su shekara da shekaru, su ma 'ya'ya gare su. A kama mai laifi da sunansa.

Abin da na sani a hanya shi ne, yaro ɗan shekara biyu ko uku ba ya da wuyar fitarwa daga gari. Motar dare ce, mace ta rungume shi yana barci, an lulluɓe shi da zani. Daga nan har a haye Lokoja shinge nawa ne? Ana duba takardun mota, ana duba buhu, ban taɓa jin an tambayi fasinja yaron nan na wane ne ba.

Malam Liman: Auta, maganar Kawunka ita ce daidai. Hukunci na hukuma ne, wanda ya ɗauki doka a hannunsa ya zubar da jini zai amsa a gaban Allah. Game da asalin muhawarar, addini bai ɗauki wannan laifi da sauƙi ba. Ya tabbata a hadisi cewa mutum uku Allah da kansa ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya sayar da ɗa, wato wanda ba bawa ba, ya ci kuɗinsa. Wani hadisin ya ce wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama. Annabi Yusuf ma sayar da shi aka yi a kan 'yan dirhamomi, mahaifinsa Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Annabi ke nan, ina ga matar layin su Maman Sadiq.

Amma Baban Ummi, ƙisasi rai ne da rai, ba a yin sa a kan wanda bai kashe ba. A Malikiyya, wanda ya sace ƙaramin yaro daga inda ake tsare shi, hukuncin ɓarawo ake yi masa, yanke hannu. In kuma abin ya zama ƙungiya mai tsorata al'umma da ɓarna a bayan ƙasa, ya shiga babin hiraba na aya ta 33 a Suratul Ma'ida, kuma a nan Imamu Malik ya ba shugaba zaɓi, har da kisa ko da ba su kashe kowa ba. Ƙofar a buɗe take, sai dai ba dole ba ce. Shugaba maslaha zai duba.

Baban Ummi: Allah ya gafarta Malam, ai ka ba ni hujja. Tunda an ba da zaɓi, a zaɓi mai tsanani.

Maman Sadiq: Kuma don Allah kada a sake juyo da laifin kan iyaye. Lokacin da aka dawo da yaran nan tara Sarki Sanusi ya yi magana a kan sakacin iyaye, mutane da yawa ba su ji daɗi ba, har da ni. Sakaci akwai shi, ban musa ba. Amma yaron da ke dawowa daga Islamiyya da allonsa ko jakarsa, uwarsa tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, wane sakaci ta yi?

Hajiya Babba: Tun ɗazu ina karanta ku, 'ya'yana. Wasunku sun san jikana na wajen ɗiyata ta biyu ya ɓata yana ɗan shekara huɗu, har yau shiru. Mun yi cigiya a rediyo, an yi a masallatai bayan kowace salla, mun bi wajen masu unguwanni da hotonsa, ubansa har ɗakin ajiye gawa ya shiga yana buɗe fuskokin yara. Da aka ce an dawo da yara daga Onitsha, ni da uwarsa ko mayafi ba mu tsaya gyarawa ba. Babu shi a ciki.

Baban Ummi, da za a kawo mini wanda ya ɗauke shi yau, a ce Hajiya ga igiya, wallahi ba zan karɓa ba. Ba don tausayinsa ba. Shi kaɗai ya san hannun da ya miƙa wa yaron, da garin, da sunan da aka sa masa. In aka rataye shi an rufe mini ƙofa ta ƙarshe. A ajiye mini shi a gidan yarin Kurmawa ko Goron Dutse, a riƙa komawa kansa ana tambaya, bana da baɗi, har ya faɗa. Jikana yanzu ya isa shiga sakandare. Wataƙila yana can yana kiran wata mata mama, bai san da mu ba. Ni ko bai iya gaishe ni da Hausa ba, a kawo tafinta, in dai zan taɓa kansa.

Sannan ita wadda ta saya fa? Kullum ɓarawo ake zagi. Mace ta ƙirga kuɗi ta karɓi yaro mai wayo, yana kuka yana kiran uwarsa da yaren da ba nata ba, ta ce ba ta san na sata ba ne? Ba don ita ba, ba za a ɗauke shi ba. Duk abin da za a yi wa ɓarawo a yi mata.

Maman Sadiq: Allah ya bayyana shi, Hajiya. Allah ya sa kina da rabon ganinsa.

Barista: Amin. Hajiya, abin da kika faɗa shi ne hanyar da ake bi a gano sauran yara: mai sata ya nuna dillali, dillali ya nuna mai saye. Sayen mutum laifi ne a dokar hana fataucin mutane ta 2015 da hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ba sayarwa kaɗai ba. Kuma bayan abin da ya faru a 2019 gwamnatin Kano ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, iyaye suka yi ta zuwa da ƙorafin 'ya'yansu da suka ɓata. Tara ɗin nan ba su ne duka ba.

Baban Ummi: Hajiya, maganarki ta fi ƙarfina, ba zan yi jayayya da ke ba. Amma zuciyata ba ta sauka ba. In za a bar shi da rai don ya yi magana, to ya kasance a can zai mutu. Tsorona kada a wayi gari ranar wani biki a ce an yi wa fursunoni afuwa, a ga sunansa a ciki, ya dawo yana yawo a Yankaba. Kuma wanda yaro ya mutu a hannunsa, ko wanda ya ƙi faɗar inda ya kai yaran mutane, ni har gobe rataya nake nema masa.

Barista: A kan wanda yaro ya mutu a hannunsa bakinmu ɗaya. Wanda ya ƙi magana kuwa, in ka rataye shi ka taya shi rufe bakin ne har abada, Hajiya kuma ta rasa mai ba ta amsa. Batun afuwa, sashe na 212 na kundin tsarin mulki ne ya ba gwamna wannan ikon, majalisar jiha ba ta isa ta ƙwace shi da dokarta ba. Abin da ke hannunmu shi ne duk mai neman kujerar gwamna ya zo neman ƙuri'a, a sa shi ya faɗa a bainar jama'a cewa ba zai sa hannu a saki ɓarawon yara ko mai sayensu ba.

Baban Ummi: Alkawarin ɗan siyasa bai ishe ni ba, Barista. Ka nemo mana yadda za a rubuta shi a doka, ko da sai an je Abuja.