Rigar ɗaukar motsi ko kyamarar waya? Ina neman shawararku

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ina haɗa gajeren katun na dambe a Blender, manhajar haɗa katun mai 3D, 'yan wasa biyu, turmi uku. Na gwada motsa su da hannu, naushin ya ƙi yin nauyi. Wani ɗan dambe a unguwarmu ya yarda ya yi mini motsin. Shin in sayi rigar nan da ke ɗaukar motsin jikin wanda ya saka ta zuwa kwamfuta, mai na'urori, ta hannu, da wani ke son sayar mini, ko in ɗauke shi da waya in tura wa DeepMotion, shafin da ke ciro motsi daga bidiyo, su fitar mini da FBX, wato fayil ɗin motsin da zan ɗora wa katun? Laftof ɗaya gare ni, kuɗin ma ba su taka kara sun karya ba.

Injiniya PZ:
Wa alaikumus salam. In aiki mai tsabta kake so, kyamarori za ka jera a ɗaki, irin na Vicon ko OptiTrack, a manna wa ɗan wasa 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a gaɓoɓi. Da su manyan kamfanonin Amurka ke aiki.

Maman Hanifa:
Haba Injiniya, yaro ya ce laftof ɗaya gare shi.

Mai Zane Tudun Wada:
Ƙanena, kada ka taɓa rigar nan sai ka gwada ta a inda za ka yi aikin. Ni babur ɗina na sayar na sayo ta hannun wani a Legas. Shagona a Sabon Gari yake, rufin sama kankare ne cike da rodi, ga janareton maƙwabci a jikin bango. Na'urorin rigar da maganaɗisu suke gane alƙibla, ƙarfe kuwa rikita su yake. Mutum yana tsaye cik, a allo ƙugunsa yana juyawa a hankali, ƙafafu suna sulɓewa kamar an zuba kuɓewa a ƙasa. Dare nake rabawa ina gyaran layukan motsi gaɓa bayan gaɓa, idona har ruwa yake. Daga baya na'urar gwiwar hagu ta mutu. Mai sayarwar ya daina ɗaukar wayata. Tana nan a jaka ƙarƙashin gado, ko kallonta ba na son yi.

Injiniya PZ:
Allah ya mayar da alheri. Amma nawa ka saya? Sabuwa dai ta haura dala 2,000 kafin kuɗin shigowa.

Mai Zane Tudun Wada:
Miliyan ɗaya da rabi.

Ɗan Kwangila:
Ai shi ya sa. Ni miliyan uku aka ce mini ta hannun ma. Araha ba ta ado, Yaya.

Mai Zane Tudun Wada:
Kai ka taɓa saka ta a jikinka? Ko a YouTube ka gani? Wanda bai kwana yana gyaran ƙafa ba ya bari mu yi magana.

Ɗan Kwangila:
Allah ya huci zuciyarka. Ɗan Samaru, ka dai ce wa ɗan damben ya cire layunsa tukuna, kar na'ura ta ƙone.

Maman Hanifa:
Ni da waya na yi aikin tallar makarantar yara. Kafa wayar kada ta motsa, a ga jiki duka har tafin ƙafa, kaya masu kama jiki, ban da babbar riga. Ɗauki kowa shi kaɗai, don in suka rungumi juna manhajar tana gauraya hannuwansu, kuma hannun da ya ɓuya a bayan jiki zato kawai take yi. Bayan ka ɗora motsin a kan ƙashin katun ɗinka, wato gaɓoɓin da ake motsa shi da su, kafe ƙafafu da IK, dabarar da ke riƙe tafin ƙafa wuri ɗaya yayin da jiki ke motsi. Kada ka cika goge rawar motsin, nan ƙarfin naushi ke tafiya. Wasu za su ce ka ɗauko shiryayyen motsi daga shafin Mixamo kyauta, to damben Turawa ne a can. Babu garkuwa a miƙe, babu mashi a ɗaure a baya, ɗan Zariya na gani zai gane ba namu ba ne.

Injiniya PZ:
Hajiya, tallar nan an biya ki kuwa?

Maman Hanifa:
Rabi. Mai makarantar ya ce ai kwamfuta ce ta yi aikin.

Mai Zane Tudun Wada:
Ni ma haka wani mai shago ya ce mini, wai katun wasan yara ne. Yanzu ba na kunna laftof sai an ba ni kafin alƙalami, har da kuɗin man janareto.

Ɗan Kwangila:
Kashi nawa kake karɓa tun farko, Yaya? Ni da na nemi rabi guduwa suke yi.